Ɓarawon da Ya Share Ɗaki

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, aka tarar an yi sata a zauren ƙungiyar 'yan tsohon Zongo. Ina tsakar gida ina tsame shinkafa maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Adawiyya, ajiye ludayin nan ki zo, sunan mijinki ake ta kira a bakin zaure."

Mijina Na'Allah kafinta ne, amma ba ya yin gado ko kujera. Sana'arsa katakon da ake zagaye hoto da shi, wanda 'yan Najeriya ke cewa firam, mu nan Wagadugu mu ce kadir. Shekara talatin da biyu yana yi, kuma duk mai zanen fenti daga Paspanga zuwa Kamsaoghin ya san ƙofar shagonsa.

Abin da aka sata ma abin dariya ne, in ba a kanka ya faɗa ba. Ƙungiya ta sa wata mai zane, Rasmata, ta zana tsohuwar unguwarmu yadda take kafin rusau. Dogon tablo ne, wato allon zane, tsawonsa ya kusa ƙofar ɗaki. Na'Allah ya yi masa kadir. An shirya ranar Lahadi za a buɗe shi a gaban jama'a, daga nan wani nasara ya tafi da shi Faransa a nuna shi shekara guda. To ga tablo nan jingine da bango, an ɗora shi a kan tabarma, ko ƙwarzane babu. Kadir ɗin ne babu shi babu alamarsa.

Da na isa, Alhaji Aliyu Sani, shugaban ƙungiya, yana tsaye yana nuna bayan tablon da carbi.

"Jama'a, ku duba. Ba a fasa ba, ba a ɓamɓare ba, buɗewa aka yi. Wa ya iya buɗe sakatar Na'Allah in ba Na'Allah ba? Kuma wa ya gan shi a sahu yau?"

Babu wanda ya gan shi, don ya tafi kasuwar Rood Woko sayen kakin zuma, salla ta same shi can. Ya faɗa musu haka sau ɗaya, bai ƙara ba. Wani daga baya ya ce tsohon katako kuɗi ne a wurin nasara. Wani ya ce dama. Wannan "dama" ɗin har yau ban yafe ta ba.

Alhaji Aliyu ya ce, "Zuwa Lahadi. In bai fito ba, sai komisariya, wurin 'yan sanda."

*

A gida Malam, wato mijin nawa, ya ƙi cin abinci. Ya zauna a rumfar bayan ɗaki, inda yake jibge ƙyamarensa, ya yi tagumi.

Bari in faɗi gaskiya game da ƙyamaren nan. Shekarar da katafila ta ci unguwarmu, kowa yana ta kwasar kwano da katifa, mijina kuwa yana bin tarkace yana jawo ƙyamaren da aka bari. Goma sha biyu ya tara, bai ma san na gidajen su wa ba ne. Shekara ashirin ina masa mita. Sau biyu na yi barazanar hura wutar suna da su. Ɗaya daga cikinsu, na maɗaci, shi ya tsaga ya yi kadir ɗin nan. Wata biyu ya yi a kansa. Babu ƙusa ko ɗaya, kusurwa ce ke shiga cikin kusurwa ta kama. A baya ya sa falanki da sakatar itace huɗu masu riƙe tablo. Ranar Laraba ya shafe shi da man kaɗe da kakin zuma har ya yi baƙi yana sheƙi.

Kafin la'asar masu zane biyu suka aiko a karɓar musu aikinsu, wai sun fasa. Ai fa sai raina ya ɓaci. Mutum ya yi shekara talatin bai taɓa cin ƙusar kowa ba, a yini ɗaya a mai da shi ɓarawo? Na ɗauki waya na kira Yayana.

Yaya Mailafiya mai bin sawu ne. A can Dakoro, in aka kore wa mutum shanu, shi ake ɗaukowa. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, yana gadin wani sito a Kamsaoghin. Na zayyana masa komai ina huci.

Ya ce, "Ke dai da zafin kai aka haife ki. Ki ce kar a sake taɓa komai a zauren. Da safe ki zo da moto."

*

Da safe na goyo shi a moto, wato babur, shi da sandarsa. Mutane na ganinmu suka fara murmushi. Wani ya ce, "Baba, nan fa siminti ne, ba rairayin Dakoro ba." Yaya ko kallo bai ishe shi ba.

Ya cire takalmi ya shiga. Tsakiyar zauren duk sawun jama'ar jiya ne, bai ma dube shi ba. Kusurwa ya nufa, ya durƙusa, ya daɗe.

"Wa ke share wurin ga?"

Alhaji Aliyu ya ce, "Ranar Litinin ake sharewa. Wannan ɓarawon ne ya share don ya ɓatar da sawunsa."

"Har ƙarƙashin benci? Har bayan randa?" Yaya ya nuna da sanda. "Mai ɓatar da sawu hanyarsa yake sharewa ya gudu. Wannan kuwa ya ga datti ne ya kasa haƙuri. Ga tsintsiyar can ya jingine ta, kanta sama."

Ya duba tabarmar da aka ɗora tablon a kai, ya tambayi ko an kulle zauren. Aka ce ba a kullewa da rana, janyo ƙofa kawai ake yi. Ya tambayi su wa suka ga kadir ɗin. Aka ce kowa. Maza sun gani Laraba, matan da za su yi girkin biki sun gani Alhamis.

"Wa ya yi magana a kansa?"

Nan bakuna suka buɗe. Rasmata ta yi faɗa da Na'Allah a kansa. Al'amin, ɗan Kano mai shadda, ya yi tayin sayensa. Kuma an ga Al'amin ɗin a kan moto kafin huɗuba, da wani dogon abu a naɗe a bayansa.

*

Muka fara da Rasmata a Paspanga. Muka same ta hannu duk fenti, ta tarbe mu da ruwa.

"Bon, faɗa kam mun yi," in ji ta, Hausarta na tafe tana karo da Faransanci. "A gefen dama akwai wani wuri da ya lotsa, kamar an ɗebe shi da cokali. Na ce masa, Mushe Na'Allah, pardon, kankare wannan, zai ja ido ya bar tablo nawa. Ya ce ba ya goge tabon itace. Na ce to in sa hannu in goge da kaina. Ya ce in gwada."

"Kin iya buɗe sakatarsa?" in ji Yaya.

Ta ɗaga ɗan yatsa ta nuna mana farcen da ya karye. "Ga shaida. Na murɗa, na ja, na zage ta da yaren Moore, ta ƙi. Ni in zan yi sata, tablo nawa zan bari in ɗauki katako? Baba, kar ka ci mini fuska."

Na so a ce ita ce mai laifin, ba na ɓoyewa, don ta taɓa ce wa shagon mijina kango. Amma ko ni na ga ba ita ba ce.

A Rood Woko, Al'amin yana ganinmu ya miƙe yana gyara hula.

"Hajiya, wallahi tayi na yi, kuma tayi ba laifi ba ne. Na ga aiki mai kyau, na ce in sa hoton Ka'aba a ciki in kai wa mahaifiyata. Malam ya ce ba na sayarwa ba ne, na ce Allah ya ba da haƙuri."

"Dogon abin da ka goya fa?"

Ya shiga cikin shago ya jawo wani madubin tsaye, ya fashe daga sama har ƙasa. "Ga shi. Na amaryar ƙanena ne. Ramin da ke bakin Zongo ya gama da shi. Ni ma neman wanda zai taya ni kuka nake yi."

Yaya ya dubi madubin, ya dubi takalmin Al'amin mai tsini, ya yi masa jaje muka fito. A kan moto na ce, "Yaya, mun ƙona mai a banza. Gobe fa Lahadi."

"Mai da ni zaure," in ji shi. "Ta ƙofar baya."

*

Bayan zauren wani siririn lungu ne, mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta wanke tas. Na ce a raina shi ke nan.

Yaya bai dubi ƙasa ba. Bango yake bi da ido, yana tafe a hankali kamar mai neman gidan haya. Can ya tsaya ya sa hanci.

"Zo ki sansana."

Wani ɗan baƙin layi ne a jikin bulo, mai maiƙo. Na sansana. Man kaɗe da kakin zuma. Wannan warin shekara talatin ina wanke shi daga riguna.

"Juya ki dubi ɗaya bangon."

Ga wani, daidai tsayin na farko. Muka ci gaba, duk inda lungun ya matse sai mu ga biyu, hagu da dama, suna kallon juna. Har muka ɓulla babban titi, nan suka ƙare.

Ya jingina sandarsa da bango, ya fito da 'yar wuƙa ya yi mata tsaga daidai layin.

"Adawiyya, in aka ba mijinki kadir ya kai wani wuri, ya yake ɗauka?"

"Ya rataya a kafaɗa, ko ya riƙe a gefe."

"To da bango ɗaya zai goga, ko ma ya ƙi goga. Wannan a kwance aka ɗauke shi da falankin bayansa, a bisa kai, kamar tiren talla. Kuma dubi tsayin, ko kafaɗar Al'amin bai wuce ba. Gajere ne, wuyansa ya saba da kaya, ba ya ganin datti ya wuce, kuma lokacin da maza duk suna masallaci shi yana gida."

Na riƙe baki. "Mace ce!"

"Su Alhaji suna ta ƙirga wanda bai zo sahu ba, sun manta rabin unguwa ba ta zuwa. Saura sakata. Mu je wurin mijinki."

Malam ya ce shi ba ƙirƙirar sakatar ya yi ba. A ɗakin kakarsa ya gan ta yana yaro, irin ta ɗakunan mata na cikin gida a tsohon Zongo, tun kafin kwaɗon ƙarfe ya cika gari. Yaya ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun safe. Ya ce, "Kana da wani kadir mai irinta? Gobe ka kawo. Kuma ko mi ka gani, ka tura hannunka cikin aljihu."

*

Lahadi da hantsi zaure ya cika. Maza a kan benci, mata a bakin ƙofa da tukwanen da ba a san ko za a ɗora ba. Rasmata ta zo, Al'amin ya zo. Malam ya zauna shi kaɗai a gefe, babu wanda ya matsa kusa da shi sai ni.

Yaya ya kifa ƙaramin kadir a kan tebur, inda mata za su gani sosai. Ya ce, "An ce Na'Allah kaɗai ya iya buɗe wannan. Ni baƙauye ne, sai na gani da idona. Kowa ya gwada."

Rasmata ta gwada da ɗaya hannun, ta haƙura. Al'amin ya murɗa har ya yi gumi. Samari biyu suka gwada, ɗaya ya ce a kawo turnabis, wato sukuddireba. Sai Alhaji Aliyu ya naɗe hannun riga, ya ce shi a tsohon Zongo aka yanke masa cibi. Ya ja, ya murɗa, ya jijjiga. Sakatar ta fara ƙara kamar za ta tsage. Na ga Malam ya runtse ido.

"Kai Aliyu, za ka karya ta!"

Daga cikin mata muryar ta fito. Inna Hajjo ce, mai waina, 'yar guntuwar tsohuwa wadda ta shekara hamsin tana kai tire tasha a ka. Ta ratso maza tana tsaki.

"Tun kana yaro hannunka ba ya jin magana. Ba ja ake yi ba. Turawa ake yi ciki, a ɗaga, sannan a zame." Tana faɗa tana yi da babban yatsa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Huɗun duka suka buɗe kafin Alhaji ya sauke hannun rigarsa.

Yaya ya taso a hankali, ya tsayar da sandarsa a gefenta. Tsagar ta wuce kanta da kamar yatsa uku.

"Kaurin gammo," in ji shi. "Inna, Allah ya ƙara lafiya. Shararki ta yi kyau."

Ta dubi sandar, ta dube shi. Ko gezau ba ta yi ba.

"To ai sai ku daina wahalar da bawan Allah. Ni na ɗauka. Jiya da yamma na ji wai shi ake zargi, dama yau na zo in faɗa, na tsaya in ga iyakar wautarku. Amma kar wanda ya ce mini sata. Na bar muku hotonku, ko ƙura ban bari ta taɓa shi ba. Ƙyauren ɗakina na ɗauka."

Alhaji Aliyu ya ce, "Inna, wane ƙyaure? Kadir ne."

"Kai ka san kadir. Ku biyo ni."

*

Muka bi ta, zaure guda, ta cikin lungun nan, muka tsallaka titi. Ɗakinta na bulo ne da ƙofar kwano, kamar na kowa tun bayan rusau. Ga kadir ɗin mijina tsaye a bakin ƙofar. Ta cire falankin baya, ta ɗaure shi da igiyar rama a jikin ginin, yadda duk mai shiga sai ya bi ta cikinsa. Ko ƙusa ɗaya ba ta buga masa ba.

Ta tsaya a gabansa, ta miƙa hannun dama ba tare da ta duba ba. Tafin hannunta ya faɗa cikin lotsawar nan da Rasmata ta so a kankare, ya zauna daram.

"Ina da shekara goma sha tara na fara tura ƙyauren nan," in ji ta. "Kullum da tire a kai, da wannan hannun nake turawa. 'Ya'ya bakwai na haifa a bayansa, ta cikinsa aka fitar da gawar mai gidana. Ranar rusau ina asibiti da jikata, na dawo na tarar da fili. Ranar Alhamis ina shiga zaure na gan shi. Sai na ji Aliyu yana cewa wai Faransa za shi. Na ce sau ɗaya aka raba ni da shi ba na nan, ba za a yi na biyu ina tsaye ba."

Rasmata ta sa bayan hannu tana goge ido, ta shafa wa kanta shuɗin fenti a kumatu.

Inna Hajjo ta juya wurin Malam. "Na'Allah, ka yafe mini kwana biyun nan. Amma faɗa mini. Ka tsaga shi, ka yanka shi gida huɗu, ka kankare ko'ina. Don me ka bar nan?"

Mijina, wanda tun Juma'a bai haɗa kalma goma a gaban jama'a ba, ya ce, "Inna, ban san hannun wa ba ne. Na dai san na wani ne."

Wallahi a lokacin ji na yi kaina ya kusa taɓa rufin kwano. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina neman mai "dama", kowa ya sunkuyar da kai. Alhaji Aliyu ya cire hula ya ba Malam haƙuri a gaban kowa. Na so ya maimaita da ƙarfi, Yaya ya taka mini ƙafa.

Rasmata ta ce tablo zai iya tafiya Faransa da sabon katako. Malam bai ma saurare ta ba, yana can yana jijjiga igiyar ramar yana ɓata fuska. Ya ce wannan ɗaurin ba zai kai ƙarshen damina ba, bari ya je ya ɗauko kayan aiki ya kafa shi yadda ya kamata. Yaya kuwa ya karɓi waina biyar a leda, ya ce in mai da shi sito, ya bar gadi ba kowa.

Washegari ina shara aka yi sallama. Na leƙa, sai ga mutane sun kai ashirin a ƙofar gidanmu, Alhaji Aliyu a gaba, yana murza carbi kamar mai neman aure.

"Adawiyya, an ce akwai saura goma sha ɗaya. Na gidanmu yana da ƙonewar fitila daga ƙasa. Ko za a bari mu duba?"

Na jingina tsintsiya, na gyara ɗaurin kallabi. Na ce Malam yana karyawa, kuma ba a tashinsa. Su cire takalma, su shigo bibbiyu, kuma kar wanda ya taɓa mini ƙyaure sai ya wanke hannu.